Tambaya da Amsa: An kai Onarabul ɗinmu kwamitin da ba mu taɓa jin sunansa ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a unguwar Nima da ke Akra a Ghana, amma ƙuri'ata tana gida arewa, can nake zuwa in yi zaɓe. A zaɓen Disamban 2024 mun tsaya wa wani yaronmu a takarar majalisar dokoki, lauya ne, mu 'yan garin da ke Akra muka tara kuɗin mota muka je, Allah Ya ba shi nasara, jam'iyyarsa kuma ta samu rinjaye. Da aka raba kwamitoci sai muka ji an sa shi a na ƙananan dokoki. Bai samu na kuɗi ba, bai samu na hanyoyi ba, balle na tantance ministoci. A wurin shan atayarmu ana ta cewa manya sun yar da shi, hanyar garinmu kuma sai wani zaɓen. Wa yake wannan rabo? Kuma da gaske an yar da shi?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka gaya wa 'yan ataya su kwantar da hankali, ba a yar da yaronku ba. Inda aka kai shi yana daga cikin wuraren da na fi so in ga lauya mai jini a jika, zan kuma faɗa maka dalili. Amma bari mu fara da masu rabon.

Kundin tsarin mulkin 1992, a sashe na 103, ya ce dole kowane ɗan majalisa ya kasance cikin aƙalla kwamiti ɗaya, kuma kowane kwamiti ya nuna yadda ƙarfin ɓangarori yake a zaure. A majalisar da ta gabata jam'iyyun NDC da NPP kowacce na da kujeru 137, ga ɗan takara mai zaman kansa ɗaya daga Fomena, don haka kwamitoci suka zo kusan rabi da rabi. Yanzu kujeru 276 ne, NDC ta kwashe kusan kashi biyu cikin uku, rabon kwamitoci ma haka ya bi. Akwai kwamiti na musamman mai zaɓen 'yan kwamitoci wanda Kakakin Majalisa, Alban Bagbin, yake shugabanta, shi ke kawo jerin sunaye zaure a amince. A takarda ke nan. Ainihin rubutun sunayen kuwa a ofishin shugabannin kowane ɓangare ake yinsa, su da masu tsawatarwa na jam'iyya. Suna duba daɗewar mutum a majalisa, da sana'arsa, da yankin da ya fito, da kason mata, sannan da abin da ba a faɗa a fili, wato wa zai tsaya da jam'iyya ranar da aka shiga matsi. Wasu kujerun ma ba a neman su, da muƙami suke tafiya: Mataimakin Kakaki na ɗaya ke jagorantar kwamitin tantance ministoci, shugaban masu rinjaye ke riƙe da kwamitin tsara ayyukan mako, kwamitin bin diddigin kuɗin gwamnati kuma ɗan adawa ake bai wa. Sabon shiga a ɓangaren da ya cika maƙil, ga tsofaffi masu zango uku da huɗu a gabansa, da wuya ya sami na kuɗi a karon farko. Wannan ba ƙiyayya ba ce, layi ne.

Na san abin da ya sa idon mutane yake kan kwamitin tantancewa: shi ake nunawa a talabijin. Kowa ya ga abin da ya faru a ƙarshen Janairun 2025, da aka karya tebura da makirufo, har Kakaki ya dakatar da mutum huɗu. To amma da zarar an gama tantance ministoci da mataimakansu, aikin wannan kwamiti ya ragu, sai in an yi garambawul ko an kawo sunan alƙalin Kotun Ƙoli. Na kuɗi kam yana da nauyi, ba zan ɓoye maka ba. Bashin da gwamnati za ta ciwo da harajin da za ta ɗora ta nan suke bi, harajin Momo, wato na tura kuɗi ta waya, da ya jawo dambe a zaure a Disamban 2021 ma ta nan ya fito.

Yanzu ga na yaronku. Majalisa takan yi doka babba, ta bar wa minista ko wata hukuma ikon rubuta ƙa'idojin aiwatar da ita. Waɗannan ƙa'idoji su ne ƙananan dokoki, waɗanda za ka ji ana kira L.I. da lamba a gaba. Ƙanana ne a suna kawai. Dokar da ta haramta ɗaukar fasinja a babur don kuɗi, wadda samarinmu 'yan okada na Nima da Mamobi da Ashaiman suka shafe shekaru suna wasan ɓuya da 'yan sanda a kanta, irin wannan ce, L.I. 2180 ta shekarar 2012. Wadda ta buɗe ƙofar haƙar ma'adinai a dazuzzukan da aka keɓe, L.I. 2462 ta 2022, ita ma haka, ka kuma ga yadda ruwan kogunan Pra da Ankobra ya koma. Abin da ya sa nake ɗaukar wannan kwamiti da girma shi ne yadda waɗannan dokoki suke fara aiki. Sashe na 11 ya ce in an ajiye su a gaban majalisa aka buga a jaridar gwamnati, suka cika kwana 21 na zaman majalisa, shi ke nan sun zama doka, sai fa in kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan majalisa sun kaɗa ƙuri'ar soke su. Ba sai an ce "mun yarda" ba. Shiru kaɗai ya isa. Ke nan in mutanen kwamitin nan ba su karanta ba, ba wanda zai karanta, sai dai talaka ya tarar da abin a bakin titi a hannun ɗan sanda. A 2024 an ajiye wata da za ta ba ministoci da 'yan majalisa damar sa jiniya a motocinsu, da jama'a suka ji labari suka yi ca, aka janye ta. Wannan an gano ta ne domin ta yi ƙara. Waɗanda ba su da ƙara, na kuɗin lasisi da na tara da na rajistar sana'a, su ne suke buƙatar mutum mai haƙurin bin sakin layi ɗaya bayan ɗaya. Kai tela ne, ka san a teburin yanka ake gyara riga ko a ɓata ta, ranar sawa sai dai a yi kallo. Zauren da kake gani a talabijin ranar sawa ce.

Na taɓa zama a bayan ɗaki ranar da wani kwamiti ya gayyaci jami'an wata ma'aikata. Sun zo da manyan fayiloli, shugabansu yana ta jawabi mai daɗi, manyan 'yan kwamitin suna gyaɗa kai, wasu na duba waya. Sai wata sabuwar 'yar majalisa a ƙarshen tebur, wadda ko sunanta akawun kwamiti sai da ya duba takarda, ta ɗaga hannu. Takardarta duk ta sha jan biro. Ta ce ranka ya daɗe, adadin da ke wannan shafi bai yi daidai da na wancan ba, wanne za mu ɗauka? Mutumin ya juya ya kalli akantansa, akanta ya shiga buɗe fayil yana lasar yatsa. Ba a samu amsa ba ranar, aka ce su koma su dawo da takardu. Kuma dole su dawo, domin tsarin mulki ya ba kwamiti irin ikon Babbar Kotu wajen kiran shaida da tilasta a kawo takarda. Tun daga ranar na daina auna ɗan majalisa da sunan kwamitinsa.

In kana son misali mai suna, ga Francis-Xavier Sosu na Madina. A 2020 aka fara zaɓensa, a zangonsa na farko ya kawo ƙudirin cire hukuncin kisa daga dokar manyan laifuka, majalisa ta amince a Yulin 2023. Da yawa daga malamanmu ba su goyi bayan abin ba, kuma suna da hujjarsu. Abin lura a nan shi ne sabon shiga ne ya yi, bai jira sai ya tsufa a kujera ba.

Maganar hanyar garinku kuwa, gara in faɗa maka gaskiya. Ko da an sa shi a kwamitin hanyoyi, ba shi da ikon rubuta hanyarku cikin kasafi. Sashe na 108 ya hana majalisa ƙara kashe kuɗin gwamnati in ba daga ɓangaren Shugaban Ƙasa abin ya fito ba. Abin da ɗan wancan kwamiti ya fi wasu da shi shi ne yana ganin minista da injiniyoyinsa kusa-kusa, wannan kuma ba ƙaramin abu ba ne a ƙasarmu. Amma yaronku ma yana da ƙofofi. Yana iya rubuta tambaya a kira ministan hanyoyi zaure ya amsa da bakinsa yaushe za a yi hanyar, amsar ta shiga kundin majalisa, akwai kuma kwamitin da aikinsa shi ne bin alkawuran da ministoci suka ɗauka a zaure. Sannan yana da kujera a asambulin gundumarku, wato majalisar gunduma, ko da yake ba ya kaɗa ƙuri'a, can kuma ake tsara ƙananan ayyuka da kuɗin asusun gundumomi, wanda tsarin mulki ya ce kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa.

Abin da ya fi damuna ni daban ne. Sashe na 78 ya ce mafi yawan ministoci daga cikin 'yan majalisa za a ɗauko su. Don haka sabon ɗan majalisa na ɓangaren gwamnati yakan shiga kwamiti da ido ɗaya a kan takarda, ɗaya a kan Fadar Jubilee ta Shugaban Ƙasa, yana tsoron kada tambaya mai zafi ta hana shi muƙami gobe. A nan ne kuke da aiki, ku da kuka tara kuɗin mota. In ya zo gaisuwar Sallah ko ɗaurin aure, kada maganarku ta tsaya a kuɗin makaranta da na asibiti. Ku ce Onarabul, waɗanne dokoki ne suke gaban kwamitinku yanzu, wacce ta shafi 'yan okada, wacce ta shafi masu shago? Ƙungiyar teloli ko ta direbobi tana iya rubuta takardar ra'ayi ta kai wa akawun kwamiti, kuma tun da sababbin ƙa'idojin majalisa suka fara aiki a Janairun 2024, yawancin zaman kwamitoci a buɗe yake ga jama'a. Daga Nima zuwa majalisa ba nisa, ku wakilta mutum biyu su je su zauna a baya ya gan su.

TAMBAYA: Malam, ni mai sayar da atamfa ce a kasuwar Mamobi. Duk sanda na kunna talabijin sai in ga kujerun majalisa rabi ba kowa. Ana cewa wai suna kwamiti. Gaskiya ne ko rufa mana ido ake yi?

AMSA: Hajiya, wani lokaci gaskiya ne, musamman lokacin kasafi, da ake raba lissafin kowace ma'aikata ga kwamitinta, zaure na zama kwamitoci ma na zama a lokaci guda. Wani lokaci kuma mutum yana mazaɓarsa wurin jana'iza, ko yana harkar gabansa. Doka ba ta bar abin haka ba: sai da kashi ɗaya cikin uku ake fara zama, sai da rabi ake yanke hukunci, wanda kuma ya yi fashin zama 15 a taro ɗaya na majalisa, wato kafin ta tafi hutu, ba da rubutaccen izinin Kakaki ba, ana tura shi gaban kwamitin ladabtarwa, in bai kawo uzuri mai ma'ana ba kujerarsa na iya tafiya. A 2022 an tura mutum uku. Ana buga sunayen waɗanda suka halarta da waɗanda ba su zo ba a takardar zaman kowace rana, ki sa ɗanki ko jikanki ya nemo miki a shafin majalisa na intanet ya duba sunan naku.