Amsa ga maman jaririn da aka ce yana da huda a zuciya

Assalamu alaikum. 'Yar uwa, tun jiya da daddare na ga tambayarki: likita ya saurari ƙirjin jaririnki ɗan wata biyu, ya ce yana jin wata ƙara, wataƙila akwai huda a zuciyarsa, ke kuma tsoronki kar jini ya riƙa tsiyaya a cikin ƙirjin yaro. Allah Ya ba shi lafiya. Ni ba likita ba ce, malamar kimiyyar halittu ce a wata sakandaren 'yan mata a nan Kaduna, amma 'yata ta biyu da irin wannan aka haife ta. Ranar da aka faɗa mini, duk karatun da nake koyarwa gudu ya yi ya bar ni. Tun daga bakin asibiti har Unguwar Sanusi kuka nake a cikin keke napep.

Ki fara cire wannan tsoron. Hudar ba a jikin zuciya ta waje take ba, ba kamar tulun da ya fashe ba ne. A katangar ciki take, kuma ko ɗigo ɗaya ba ya fita waje. Amma ba za ki gane ba sai kin san yadda ginin yake.

Ki ɗauki zuciya kamar ciki da falo guda biyu da aka gina manne da juna, ɗaya a dama ɗaya a hagu, katanga ɗaya ta raba su, babu ƙofa tsakani. Falo a sama, ciki a ƙasa. Jinin da ya gama zaga jiki, ya sauke iskar oksijin, ya yi duhu, yana dawowa ta manyan jijiyoyi biyu, ɗaya daga kai da hannuwa, ɗaya daga ciki da ƙafafu, su zube a falon dama. Daga nan ya gangara ɗakin dama na ƙasa, shi kuma ya matse ya tura shi huhu. A huhu ya ajiye gurɓatacciyar iska, ya ɗauki mai kyau, ya koma ja jawur, sannan ya dawo ta jijiyoyi huɗu zuwa falon hagu. Ya gangara ɗakin hagu na ƙasa, wanda zai harba shi ta babbar jijiyar da ake kira awota zuwa ko'ina, daga ƙwaƙwalwa har ɗan yatsan ƙafa. Ashe jinin dama ba shi da hanyar zuwa hagu sai ya bi ta huhu, kamar maƙwabta biyu da katanga ɗaya ta haɗa amma sai an zaga ta bayan layi kafin a gaisa.

Kowace Babbar Sallah nakan roƙi mahauci ya ware mini zuciyar ragon layyarmu kafin a haɗa ta da kayan ciki a soya, in saka a firiza har a koma makaranta, don gininta kusan ɗaya ne da tamu. Idan na tsaga ta a tire, abin da ke fara ba ɗalibai mamaki shi ne kauri: naman ɗakin hagu ya yi kusan uku na dama. Dalili a fili yake, dama huhu kawai take aika wa jini, ga shi nan kusa, hagu kuwa duk jiki ne a wuyanta. Sai ƙofofin, guda huɗu. Tsakanin falo da ciki akwai wata fata siririya kamar leda, an ɗaure bakinta da fararen zaruruwa a jikin bango don kar ta kife ta baya. Ta dama marfi uku gare ta, ta hagu biyu. A bakin manyan jijiyoyin fita kuma akwai 'yan aljihu uku-uku. Nakan zuba ruwa da buta ta saman awota, sai ki ga aljihunan sun cika sun haɗe baki, ruwa ya tsaya cak. Aikinsu irin na bawul ɗin taya ne, a wuce gaba, ba komawa. Rufewarsu ce ma take ba da sautin nan biyu da likita ke saurara. Zuciyar babba tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, tana tura kimanin lita 5 na jini. Ta jariri sabon haihuwa takan kai 120 zuwa 160, don haka kar saurin bugun nasa ya firgita ki.

Wani abin da nake son faɗa wa ɗalibai: tsoffin likitoci sun shafe sama da shekara dubu suna bin maganar Galen, wani likitan Girka na zamanin da, cewa akwai ƙananan huduji a wannan katangar da jini ke ratsawa. Ibn al-Nafis, likitan da aka haifa a yankin Dimashƙa ya yi aiki a Alƙahira, ya rasu a 1288, shi ya ce sam katangar ba ta da huda, ta huhu jini ke bi. Sai a 1628 William Harvey na Ingila ya bayyana zagayen jinin gaba ɗaya.

To yanzu ga hudar. Idan katangar ba ta gama haɗewa ba tun a ciki, musamman tsakanin ɗakunan ƙasa, wadda ita aka fi samu, sai ɗakin hagu mai ƙarfi ya riƙa fesa wani jinin zuwa dama. Jinin da ya riga ya sha iska sai ya sake komawa huhu, aikin banza. Fesawar nan ita ce ƙarar da likita ya ji. Kuma abin mamaki, ƙaramar huda takan fi babba ƙara, kamar in kin toshe bakin tiyo da yatsa. Ƙarfin ƙara ba shi ne girman ciwo ba. Kusan jariri 1 cikin 100 ana haihuwarsa da wata matsalar zuciya, kuma ƙananan huduji da yawa suna toshewa da kansu a shekarun farko. Ta 'yata milimita 3 ce, tana shekara uku aka sake hoto aka ce ta rufe. Yanzu ita ce mai tsere a gidanmu. Ban ce ta ɗanki haka za ta yi ba. Babbar huda tana cika huhu da jini, tana buƙatar magani, wani lokaci tiyata, kuma jinkiri yana lalata jijiyoyin huhu. Hoton zuciya, wanda suke cewa eko, shi kaɗai zai raba gardama. Ba ya ciwo, irin sikanin da aka yi miki da ciki ne. Mu asibitin koyarwa na Shika, a Zariya, aka tura mu.

Alamun babbar huda sukan fito ne wajen sati shida zuwa takwas, daidai lokacin da kika gama wanka, shi ya sa wasu ke ɗora laifin kan nono ko iska. Ki lura da shi a kan nono: yana tsotso kaɗan ya saki yana haki? Goshinsa na tsatsafo da gumi ko gari da sanyi? Haƙarƙarinsa na lotsawa in yana numfashi? Nauyinsa ya tsaya a katin awo? Idan kuwa leɓensa ko harshensa ya yi shuɗi, wannan ba na jiran ranar asibiti ba ne, ko tsakar dare ne ku tafi.

Kuskurena da nake nadama har yau: wata dattijuwa a dangi ta ce a yi wa yarinyar tsaga a ƙirji a fitar da mugun jini, ni da iliminta na yi shiru saboda kunya, sai da mahaifinta ya hana. Ba tsaga, ba jiƙo, ba maganin kemis. Rigakafinsa kuma kar ki tsallake ko ɗaya, don ciwon huhu ya fi saurin kama irinsu.

Ranar eko ki tafi da katin awonsa, ki shayar da shi dab da shiga don ya yi barci, sannan ki tambayi likita abu uku: hudar a sama take ko a ƙasa, milimita nawa ce, kuma yaushe za a sake dubawa. Ki sa ya rubuta miki a takarda, don ni a ranar ko rabin abin da aka faɗa ban riƙe ba.