Gwajin ƙafafun shato a kwamfuta: ja da shuɗi ba su ne hukunci ba

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a nan Damagaram, unguwar Birni. Saboda matsalar ruwa, na zana ƙafafun ƙarfe da za su ɗauki tanki mai lita 2,000 a FreeCAD, manhajar zanen injiniya ta kwamfuta. Da na yi gwajin nauyi, ko'ina ya fito shuɗi, sai lungu ɗaya ja. In kai wa mai walda?

Amsa: Ƙanena, dakata tukuna. Launin nan jeri ne kawai daga ƙaramin adadi zuwa babba, ko allura ka ɗora sai wani wuri ya yi ja. Lambar matsin da ke kan ƙarfen za ka karanta. Ƙarfen gini na S235 yana fara lanƙwasar da ba ta komawa a MPa 235 (MPa ma'aunin matsi ne), da ita za ka gwada. Ka kuma tabbata nauyin da ka sa daidai ne: lita 2,000 tan 2 ne, wajen niwton 19,600, ban da tankin kansa.

Lungun ja kuwa, ƙara ƙanƙanta ragar da Gmsh (manhajar da ke yanka zanen gutsi-gutsi don lissafi) ya yanka a wurin, ka sake gwaji. In lambar ta tsaya, gaskiya ce. In sai hawa take yi duk sanda ka ƙanƙanta, kaifin kusurwar ne ke ruɗa lissafi. Zana ɗinkin walda a wurin.

Ni abin da ya fi damuna shuɗin ne. Doguwar ƙafa siririya ba karyewa take yi ba, gantsarewa take yi gefe farat ɗaya, tun ƙarfen bai kai iyakarsa ba, kuma gwajin da ka yi ba ya nuna wannan. CalculiX, wanda ke yi wa FreeCAD lissafi, yana da gwajin gantsarewa daban, ka yi shi. In ka ninka tsawon ƙafa sau 2, abin da za ta iya ɗauka sai ya koma kashi 1 cikin 4. Amfanin ƙarafan gicciye ke nan, kada a rage su don tsimin kuɗi, akwai yara da ke wasa a ƙarƙashi.

Sa iska daga gefe, tanki cike da kuma wofi, don guguwar farkon damina ta fi kayar da wofi. Sannan ka je kasuwa ka auna kaurin bututun da za ka saya da hannunka, wannan adadin za ka shigar, ba wanda mai shago ya faɗa ba.