Kufai ne ko kango?

Wani mai karatu daga Kawo ya rubuto: "Malam, mukan kira tsohon gidan da aka watsar kufai, abokina kuma ya dage kango ne. Wa ke da gaskiya?"

Abokinka ne, ɗan'uwa. Kango gini ne guda, wanda rufinsa ya zube, ko wanda aka ɗora har linta kuɗi suka ƙare aka bar wa awaki. Kufai kuwa gari ne sukutum ya tashi, har ƙasa ta cinye katangunsa. Sai mai ido ke gane shi. Za ka ga kukoki sun yi cincirindo wuri ɗaya a tsakiyar daji, ga tsingaro barjat a kan kunya bayan huɗa, ga dutsen niƙa da cikinsa ya lotsa don aiki, wani lokaci har da ramukan marina da suka cike.

Ba sai ka yi nisa ba. Tsohuwar Turunku tana cikin ƙaramar hukumar Igabi, kuma ita ce tarihi ya ce mazaunin Bakwa Turunku kafin sarautar Zazzau ta koma Zariya a ƙarni na 16.

Manomi da yawa ba zai sa gatari a kukar kufai ko tsamiyarsa ba, wai gidan iskoki ne. Ban zo yi wa iskoki lauya ba, amma a ganina wannan tsoro ya yi wa masu haƙar tarihi gadin da hukuma ba ta yi ba. Dubi mutum-mutumin yumɓu na Nok, wanda masu haƙar kuza suka fara cin karo da shi a 1928. Da kuɗi suka shigo maganar, ɓarayi sun yi ta tonewa suna kaiwa Turai.

Wata malamar makaranta daga Tudun Wada kuma ta tambaya ko "tsafi gaskiyar mai shi" na nufin Bahaushe ya yarda da tsafi.

A'a, Malama. Ki lura da "mai shi": an jingina gaskiyar ga wanda ya riƙe abin, mai maganar ya zare hannunsa. Bamagujen da ke yi wa kan gida, wato iskan da yake ganin yana tsare masa gida, yanka ya sakankance zai ga biyan buƙata, maƙwabcinsa Musulmi kuwa sai ya faɗi karin maganar ya wuce, ba gardama. Yau har wanda ya kafe cewa ƙungiyarsa ce za ta ɗauki kofi akan gaya wa haka.