Yawon arba'in da kunyar ɗan fari

Assalamu alaikum. Ɗiyata, ya jego, ya kuma angon nawa? Na saurari saƙonki har sau biyu. Kin ce ran Asabar za ki taso daga Kaduna ki zo mana yawon arba'in nan Daura, tunda ba ki samu zuwa wankan gida ba, amma wata cikin dangin mijinki ta ga jakar da kika haɗa wa yaro ta ce ba a san mai ɗan fari da wannan rawar kai ba, wai a al'ada uwa ba ta ko kallon ɗanta na fari a gaban mutane, balle ta kwance masa kunzugu a tasha. Shi ne kike son jin ta bakina.

Ba ƙarya ta yi ba, rabin zancen ta faɗa miki. Mu mun yi kunyar ɗan fari, mun yi ta sosai. Ni har yau ban taɓa kiran sunan yayanku na gidana ba, kin sani. Sai dai abin da ta manta, ko ba ta riska ba, shi ne mai jego a da ba ta fita ita kaɗai. Ana haɗa ta da 'yar rakiya, ƙanwa ko 'yar ƙanin uba, wani lokaci da tsohuwa guda. Ita ke goyon yaro, ita ke riƙe da ƙullin tsummoki da buta. In ya ɓata jikinsa ta zaga da shi bayan ɗaki ta wanke, ta miƙo wa uwar ya sha nono. Uwa ta samu sararin sunkuyar da kai ne don akwai hannun da ke aikin. Ban taɓa ganin gidan mutunci da aka bar jariri cikin kashi don uwarsa na jin nauyin surukai ba.

Saboda haka ki nemi 'yar rakiya. Ƙanwar mijinki da ke hutu ta isa. In ba a samu ba, ki yi da kanki, ki yi shiru, kada ki tsaya yi masa wasa da kirari a idon jama'a, shi ke nan kin biya kunya haƙƙinta.

Ni zamanin Shagari na yi tawa tafiyar, a bayan a-kori-kura, da tsofaffin zannuwan atamfa da aka yayyaga aka dafa da sabulun salo. Wanda ya jiƙe a naɗe a jefa cikin kwalla, a rufe. Yau kuna da famfas, ban ƙi shi ba, a hanya ma ya fi. Aibinsa ɗaya: yana ɓoye laifi. Tsumma in ya jiƙe, bayan mai goyo ne zai fara sani, dole a sauke yaro. Shi kuwa wannan sai ya shanye fitsari, uwa ta taɓa ta ji a bushe, yaro ya taso daga Kawo har Kazaure cikin abu ɗaya, ga zafin mota, ga goyo. A iso gida a tarar da matsematsinsa ya yi ja ya saɓe, a ce wai baki ne ko ciwon sanyi. Kada ya wuce awa 2 zuwa 3 ba ki duba ba, kashi kuwa ba ya jiran a kai gari. Direbobi kan tsaya wajen Kwanar Ɗangora, ga kuma sauyin mota a Kano, daga Unguwa Uku zuwa Ƙofar Ruwa. Nan ne wuraren gyara shi. In ya yi a tsakanin daji ki buɗe baki ki ce direba ya tsaya inda akwai mutane. Ba fasinjan da zai ƙi, hancinsu ma zai taya ki roƙo.

Ki zuba ruwan ɗumi a filas, ki riƙe ƙaramar buta da roba. Takardar gogewan nan mai ƙamshi ta rage hanya ce kawai, ba ta kai ruwa ba. Ki shimfiɗa zani ninki biyu a cinyarki, kada ki kwantar da shi kan benci ko tabarmar tasha. Ki wanke, ki tsane shi sarai har cikin lungun cinya, ki shafa man kaɗanya. Namiji ne, ki ɗora tsumma a gabansa kafin ki kwance, in ba haka ba zai yi miki wanka. Hoda ki bar ta a gida: a mota iska ke kwasarta ta kai masa hanci. Kayan sawa kala uku masu laushi sun isa, da ƙananan ƙyallaye na tumbuɗi, da zanin goyo da majanyi na canji. Rigar nan mai ƙyalƙyali da aka ba shi ran suna a sa masa in kun iso.

Abin da ya ɓata ki ƙulle a leda ki taho da shi har inda za a zubar. Tsofaffinmu kan ce kada a yar da tsumman jariri a hanya saboda mayu da iskoki. Ko ba don su ba, dubi bakin tasha yanzu, awaki da karnuka na jan famfas, ƙuda na tashi daga kai ya sauka kan tsire. Kuma ki wanke hannu da sabulu kafin ki ba shi nono, ko ruwan leda ne ki saya.

Iskar hunturu ta fara, ki sa masa hula da safa, ki zauna nesa da taga, amma kada ki naɗe shi cikin bargo kamar ƙunshin goro. Zufa ke kawo ƙuraje a wuya. A kan kwalli kuwa na sauka daga ra'ayina na da. Mun rambaɗa wa 'ya'yanmu shi don ido ya yi kyau, sai ga shi an gano yawancinsa akwai dalma a ciki, tana kuma taɓa ƙwaƙwalwar yaro. In wata tsohuwa a nan ta ɗauko tandu, ki ce ni na hana, ki bar ni da ita. Haka in an ce a ɗura masa ruwa don ya sha hanya: nono ya ishe shi har wata 6.

Kin kuma tambayi sallarki. Malamanmu na Malikiyya sun ce an yi wa mai shayarwa afuwa kan abin da ya taɓa tufafinta na fitsari ko kashin yaro muddin tana ƙoƙarin kiyayewa, an kuma so ta keɓe tufafin salla. To ki sa zani da hijabi guda a leda daban, kada su haɗu da kayansa.

Arba'in ɗinki ta zo daf da allurar rigakafin sati 6. Ki duba katinsa. In ranar ta faɗo kina nan, ki taho da katin a yi masa a asibitinmu. In kuma an riga an yi, ki bari kwana biyu su wuce, don takan sa zazzaɓi.

Da kun wuce Kazaure ki bugo, in sa a ɗora ruwan wankansa da na kununki. Ki gaida maigidan, ki ce goro na nake jira, ba na Kaduna mai tsada ba, ya ba ki kuɗin ki saya a Kano.

Goggonki.