Tambaya da Amsa: Ta yaya ƙungiyar da ta zo ta biyu a lig ɗinta ta zama zakaran Amurka a ƙwallon gorar ƙanƙara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena yana karatu a birnin Denver na Amurka. A watan Afrilun 2024 ya turo min bidiyon ɗalibai sun cika titi suna ta murna, wai jami'arsu ta ci kofin ƙasa a wasan hoki na kan ƙanƙara. Da na duba sai na ga ashe ko a lig ɗinsu ma ba su ne na ɗaya ba, North Dakota ce. Ni dai a Firimiya na saba, wanda ya fi maki shi ke ɗaukar kofi. Don Allah yaya kakar wasan nan take tafiya, kuma ba cuta aka yi wa North Dakota ba? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba a cuci kowa ba, amma na gane inda abin ya ɗaure maka kai. Kakar wasan jami'o'in Amurka abu biyu ne aka ɗinke wuri ɗaya. Akwai doguwar tafiya ta wata shida, daga Oktoba zuwa Maris, wadda amfaninta shi ne samun tikiti. Sai kuma wasa huɗu na sili ɗaya ƙwale, waɗanda su ne ke ba da kofi. North Dakota ta fi Denver a teburin lig ɗinsu, amma ranar da aka shiga sili ɗaya ƙwale, Michigan ta kore ta a wasan farko da ci 4 da 3. Denver kuwa ta ci nata huɗun.

Bari in fara da wasan kansa a taƙaice, don sauran bayanin ya zauna. Fili ne na daskararriyar ƙanƙara, tsawonsa kamar mita 61, faɗinsa kamar 26, an kewaye shi da katanga. 'Yan wasa na sanye da takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa, suna sulɓi a kai, kowa da sandarsa. Abin da ake bugawa ba ƙwallo ba ne, wani ɗan baƙin faifai ne na tauraren roba, bai cika tafin hannu ba, nauyinsa kamar giram 170, sai dai mu ci gaba da cewa an ci ƙwallo tunda haka baki ya saba. Mutum shida-shida ne a fili har da mai tsaron gida. Turmi uku ake yi, kowane minti 20, kuma agogo na tsayawa duk sanda aka busa. Saboda gudun da ake yi, ɗan wasa ba ya kai minti ɗaya cikakke a ciki sai ya tsallaka katanga ya zauna wani ya faɗo, ba tare da an tsayar da wasa ba. Wanda ya yi laifi ana zaunar da shi minti biyu a wani ɗan akurki, ƙungiyarsa ta yi ta fama da mutum huɗu ban da mai tsaron gida. Dambe da kake gani a bidiyon NHL, babban lig ɗin ƙwararru na Amurka da Kanada, ba a lamunta a jami'a: wanda ya kai naushi an kore shi daga wasan, kuma ba zai buga na gaba ba.

Ragar ita ce abin lura. Faɗinta mita 1.83 ne, tsayinta 1.22, ga kuma ƙato a tsaye a bakinta sanye da sulke tun daga kai har ƙafa. Riƙe wannan a ranka, zan dawo kansa.

Jami'o'in da ke babban aji ƙarƙashin NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, sittin ne da 'yan kai, mafi yawansu a arewa maso gabas da jihohin sanyi irin su Minnesota da Michigan. An kasa su lig shida, ban da 'yan tsiraru da ba su da lig. Denver tana cikin wanda ake kira NCHC, wanda a kakar 2023 zuwa 2024 ƙungiya takwas ne a ciki, kowace tana buga wasa 24 na lig. Sauran wasanninta na shekara da ƙungiyoyin wasu lig-lig take yinsu. Tsarin mako kusan ɗaya ne: a tashi ranar Alhamis, a buga Juma'a da dare, a sake bugawa da ƙungiya ɗaya a fili ɗaya ranar Asabar, Litinin a koma aji. Wanda ka ture da kafaɗa jiya shi za ka sake tararwa yau, shi ya sa wasan Asabar ya fi zafi. Doka ta ƙayyade wasa 34 kafin a shiga zagayen ƙarshe, amma wanda ya yarda ya je Alaska ba a ƙirga masa waɗannan wasannin, don a ƙarfafa wa ƙungiyoyi gwiwar yin wannan doguwar tafiya. Denver ta buɗe kakarta a Fairbanks ta Alaska, shi ya sa ta buga 36.

To yanzu tikitin. Ƙungiya 16 ke zuwa gasar ƙasa. Shida suna shiga kai tsaye, kuma ba waɗanda suka zo na ɗaya a tebur ba ne, waɗanda suka ci ƙaramar gasar sili ɗaya ƙwale da kowane lig ke yi a watan Maris ne. Sauran goman a wancan lokacin wani lissafi ne mai suna PairWise ke fitar da su: a ɗauki ƙungiyoyi biyu-biyu a gwada, wa ya ci wa idan sun haɗu, yaya kowace ta yi da abokan karawar da suka yi tarayya, kuma wa ta buga da manya, wa ta tara maki a kan raunana. Saboda haka wasan da kake ganin na share fage ne a Oktoba yana iya zama shi ne ya kai ka ko ya hana ka a Maris. Denver ta je har gidan Boston College a watan Oktoban 2023 ta ci su 4 da 3, wannan nasarar ta yi mata nauyi a ma'auni har ƙarshen kaka.

A watanni biyar na farko Denver ƙungiya ce mai cin ƙwallo kamar ba gobe, kuma ana cin ta ita ma. Babu wadda ta kai ta zura ƙwallaye a duk ƙasar, sama da huɗu a kowane wasa. Jack Devine shi kaɗai ya ci 27. A cikin masu tsaron baya akwai Zeev Buium, yaro ɗan shekara 18 a ajin farko, yana wasa tare da yayansa Shai. Amma golansu na ɗaya, Matt Davis, mutumin Calgary ta Kanada, ya ji rauni tun farkon kaka ya yi makonni yana jinya, wani ɗan ajin farko ne ya riƙe ragar. Ko da ya dawo ma ba nan take ya dawo hayyacinsa ba. Masu sharhi da yawa sun ɗauka ƙungiya ce mai daɗin kallo wadda ba za ta kai labari ba. A Maris ta fara ɗaurewa, ta ci kofin NCHC a birnin St. Paul da ke Minnesota, inda ta doke Omaha 4 da 1.

An ba ta matsayi na uku a cikin goma sha shidan, sai kuma aka tura ta Springfield a jihar Massachusetts, tsallaken ƙasa guda, ta kara da UMass, wato Jami'ar Massachusetts, wadda harabarta ba ta kai tafiyar awa ɗaya daga filin ba. Dalili shi ne UMass ce mai masaukin baƙi na wannan shiyya, kuma doka ta ce mai masauki idan ya samu tikiti a gidansa zai buga. In ana neman wanda aka ƙwara a wannan shekarar, to a nan za a duba. A sili ɗaya ƙwale babu canjaras babu bugun fenareti: idan aka tashi kunnen doki sai a ƙara turmi na minti 20, wanda ya fara ci ya tashi wasa, in ba a ci ba a sake ƙarawa. Ranar 28 ga Maris sai da aka shiga ƙarin turmi na biyu kafin Tristan Broz ya ci, aka tashi 2 da 1. Bayan kwana biyu suka ci Cornell, ita ma 2 da 1.

Ƙungiyoyi huɗun da suka rage su ke haɗuwa a abin da ake kira Frozen Four, kuma a wannan shekarar a filin Xcel Energy Center na St. Paul aka yi, inda Denver ta ɗaga kofin lig mako uku kafin nan. Ranar 11 ga Afrilu ta haɗu da Boston University, ƙungiyar Macklin Celebrini, wanda yana ɗan shekara 17 aka ba shi kyautar Hobey Baker ta gwarzon ɗan wasan jami'a, kuma bayan wata biyu shi aka fara ɗauka a zaɓen matasan 'yan wasa da kulob-kulob na NHL ke yi duk shekara. An sake shiga ƙarin lokaci, Broz ya sake ci, 2 da 1.

Wasan ƙarshe, ranar 13 ga Afrilu, shi ne wanda ƙanenka ya yi wa murna. Boston College ce ta ɗaya a ƙasa, ta ci wasa 15 a jere, kuma duk kakar babu wanda ya hana ta zura ƙwallo ko sau ɗaya. Cutter Gauthier nata ya ci 38, Will Smith ya fi kowa maki, wato jimillar ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci. A turmi na biyu Jared Wright na Denver ya buga, faifan ya daki turke, ya dawo ya bugi bayan golan Boston ya gangara raga. Irin cin nan ne mai ban haushi da babu wanda ya tsara shi. Bayan 'yan mintoci Buium ya miƙa wa Rieger Lorenz ya ƙara na biyu. Turmi na uku kuwa a bakin ragar Denver aka yi shi. Hari 23 Boston ta kai a cikin minti ashirin, Davis ya tare duka. Nemi bidiyon wanda ya hana Ryan Leonard na Boston: an bugo faifan daga ɗaya gefen, Davis yana can kusa da wancan turken, rabin raga a buɗe take, Leonard ya ɗana, sai ga mutum ya taso a iska a kwance ya sa hannu. An tashi 2 da nema, kofi na goma ga Denver, wanda ya sa ta wuce Michigan mai tara.

Ka duba lissafin: ƙungiyar da ta fi kowa cin ƙwallo, a wasa huɗun da suka ba ta kofi ba ta taɓa wuce biyu ba. An kai wa Davis hari 141, uku kaɗai suka shiga. Abin da ya sa na ce ka riƙe girman raga ke nan. A wannan wasan, gola ɗaya da ya samu sa'ar mako biyu yana iya rushe aikin wata shida na ƙungiyar da ta fi tasa. A NHL sai ka ci abokin karawa sau huɗu cikin bakwai kafin ka wuce, don haka sa'a ba ta cika ɗorewa ba. A jami'a dare ɗaya ne. Ni a ganina, da an kara sau bakwai tsakanin Denver da Boston College, ban da tabbacin kofin zai je Colorado, jihar da Denver take. Amma ba zan ce sa'a ce zalla ba, don Denver ta sauya salonta da gangan, 'yan gabanta suna komowa baya suna kwanciya gaban faifai, suna tilasta wa abokan karawa bugu daga nesa inda gola ke gani sarai.

Wanda ya tsara hakan shi ne kocinsu David Carle, kuma labarinsa ya cancanci a tsaya a kai. Ɗan Anchorage ne ta Alaska, an ɗauke shi zai buga wa Denver, sai a 2008 gwajin likita kafin zaɓen NHL ya gano yana da ciwon kaurin tsokar zuciya, wanda kan kashe ɗan wasa nan take a fili. Wasa ya ƙare masa yana ɗan shekara 18. Jami'ar ba ta janye tallafin karatun da ta yi masa alkawari ba, ya zama ɗalibi mai taimaka wa masu horarwa, a 2018 kuma aka ba shi ƙungiyar yana da shekara 28. Ya ci kofi a 2022. A Janairun 2024 shi ne ya jagoranci matasan Amurka suka ci zinare a gasar duniya a Gothenburg ta Suwidin, kuma cikin yaransa akwai Smith da Leonard da Gauthier da golan Boston ɗin, Jacob Fowler. Mutumin da ya horar da su a Janairu shi ne ya zauna ya tsara yadda za a toshe su a Afrilu.

Wani abin da zai bambanta maka da Firimiya shi ne ƙungiya ba ta ɗorewa. A wancan lokacin, a ƙa'ida kaka huɗu kawai ɗalibi ke da ita, kuma sai yana cin jarabawarsa. Da yawa sai sun yi shekara biyu ko uku a lig ɗin matasa kafin su shigo, shi ya sa za ka ga ɗan ajin farko mai shekara 20 ko 21. Kulob na NHL yana iya zaɓar yaro ya bar shi a jami'a yana nuna, ranar da ya sa hannu a kwantiragi kuwa zamansa a jami'a ya ƙare. Gauthier ya sa hannu da kulob ɗin Anaheim kwana ɗaya ko biyu bayan wasan ƙarshen, Smith ya tafi kulob ɗin San Jose, Celebrini ma can ya nufa. Davis da Buium sun tsaya, suka sake kai Denver Frozen Four a 2025, inda Western Michigan ta fitar da su a ƙarin turmi na biyu, ta je ta ɗauki kofinta na farko.

Ka ce wa ƙanenka in bai taɓa shiga filinsu na Magness Arena ba, ya nemi tikitin daren da za su kara da Colorado College. Maƙwabta ne, kuma suna da nasu kofin na daban, wata tasa irin wadda masu haƙar zinare ke wanke ƙasa da ita. Ya tafi da rigar sanyi mai kauri, don ko a cikin ginin ma ƙanƙarar tana busowa har kujerun gaba.