Kishiyata, Wa Ya Ce Miki Sabon Abu Ne?

Kishiyata, saƙonki ya iso. Sai da na yi dariya har ƙanwarki ta leƙo ta ga ko lafiya, daga baya kuma na yi shiru. Wai malamar awo ta ce idan kin haihu za a ɗan dakata kafin a yanke cibiya, surukarki kuma ta ce wannan sabon salo ne, a yanke da wuri kada mugun jini ya koma jikin yaro, to wanne ne al'adarmu? Ke da ko sunan cikin fari bai kamata ki iya kamawa a gabana ba, ga shi har da tambaya a waya. Mu a lokacinmu sai dai a ga zane ya ɗaga a gane.

Bari in ba ki labarin daren da aka haifi kawunki na Kazaure. A 1973 ne, watan da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, sanyi kamar zai tsaga ƙashi. Ina 'yar shekara goma sha huɗu. Matar yayana ta durƙusa ita kaɗai a ɗaki, don a wancan zamanin mace ba ta kiran kowa sai abu ya sauka, kunya ba ta bari. Aka tashe ni aka ce in ruga in kira Iya, ungozomar unguwarmu, wadda kuma yayar kakata ce. Ko takalmi ban tsaya nema ba.

Muka iske yaro a ƙasa kan tsumma, ba kuka, ba motsi, jikinsa fari-fari kamar an shafa masa toka. Mabiyiya ba ta faɗo ba. Wata maƙwabciya har ta fara salati, ta miƙo reza ta ce a raba shi da uwar, ko ita a tsira da ita. Iya ko kallon rezar ba ta yi ba. Ta ce in matso da aci-bal-bal, ta kama yatsuna biyu ta ɗora a kan cibiyar. Kishiyata, har yau ina jin abin a yatsuna. Igiya ce mai kauri, shuɗiya-shuɗiya, mai santsi, tana bugawa dal-dal-dal kamar an ɗaure ɗan tsako a ciki. Iya ta ce, "Kin ji? Uwar tafiya ba ta gama sallamar baƙonta ba. Ba a tsinke guga yana cikin rijiya."

Ta share masa baki da hanci, ta ɗauki busasshen zane tana murza bayansa, tana yi masa faɗa kamar babba: wai ya zo gidan mutane ba sallama. Can sai ya yi wata 'yar atishawa, sannan ya tsala kuka. Ina kallo jikin nan ya fara ja daga ƙirji, ya bazu har fuska. Iya ta zauna abinta, ta ɓare goro. Sai da igiyar ta yi fari, ta saki, ta lafe kamar tsohon lagwani, mabiyiya kuma ta faɗo, sannan ta ɗaure da zare ta yanke.

Iya ba ta san dalili irin na takarda ba. Ni ma da na yi karatun ungozoma na shiga ɗakin haihuwa, abin da aka koya mana daban ne: yaro na faɗowa a danne cibiya da almakashin matsewa, a yanke, a miƙa shi gefe. Shekaru na yi ina haka, hannuna har ya saba, ina ma ganin su Iya a matsayin waɗanda ba su waye ba. Allah Ya yafe mana. Sauri ya haifi nawa.

Sai daga baya aka dawo da mu bita aka warware mana. Yaro a ciki ba ya numfashi da huhunsa, mabiyiya ce ke yi masa. Jijiyoyi uku ne a cikin cibiya: biyu na kai jini daga jikinsa zuwa mabiyiya, babbar guda ɗaya na dawo masa da shi ɗauke da iska da abinci. Jinin nan nasa ne, ba na uwa ba, don nata da nasa ba sa gauraya. A lokacin da ya faɗo, kusan kashi ɗaya cikin uku na jininsa yana can cikin mabiyiya. Da ya ja numfashin farko huhu zai buɗe, hanyoyin jinin da ke cikinsa su buɗe su ma, suna neman abin da zai cika su. Daga ina zai zo in an datse hanya? Sai zuciya ta yi ta fama da ɗan abin da ya rage. In an jira kuwa, a cikin minti uku yakan samu mililita 80 zuwa 100. Kada ki raina, duk jinin jariri bai cika kwalbar lemo ɗaya ba. A cikin wannan ƙarin ne yake samun sinadarin ƙarfe da zai riƙe shi wata huɗu zuwa shida, lokacin da nono kaɗai yake sha, ga ƙasarmu da yawan yara masu ƙarancin jini. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jira minti ɗaya zuwa uku. Wato an zagaya an zagaya an dawo gindin Iya.

Amma kada ki je ki ce kakarki ta ce komai na da daidai ne. Rezar nan da aka miƙo, da ita aka yi wa wani aski da safe. Ana gasa cibiya da tsingaro mai zafi, wasu su barbaɗa toka ko su shafa abin da ba zan faɗa ba. Ƙanwar kawun naki da aka haifa bayan shekara biyu, kwananta takwas ta kasa kama nono, muƙamuƙinta ya sandare, baki ya sarƙe, ta koma. Aka ce iska ce. Yanzu na san ciwon tetanus ne, mai sandarar da jiki, kuma ta cibiya ya shiga. Don haka allurar rigakafin da ake yi muku a awo kada ki tsallake ko ɗaya, kuma in sun ba ki man Chlorhexidine mai kashe ƙwayoyin cuta, shi kaɗai za a shafa wa cibiyar. Ban da man goge baki, wanda na ji 'yan zamani sun ƙirƙiro, ban san wane malami ya ba su wannan fatawa ba.

Abu biyu kuma. In yaro ya zo bai numfasa ba bayan an goge shi an murza, masu aikin za su iya yankewa nan take don su taimaka masa da iska. Kada kowa ya tsaya gardama da su, ba kowane yaro ne kawunki ba. Sannan ki riƙa duba idonsa da jikinsa a hasken rana cikin makon farko, in kin ga rawaya a koma asibiti, don shawara takan ɗan fi saurin bayyana ga wanda ya samu jini da yawa, kuma suna da fitilar da ke maganinta.

Surukarki kuwa ba ke za ki tanka mata ba, ba tarbiyyar gidanmu ba ce. Ki bar ni da ita, sa'ar ƙanwata ce, zan kira ta mu gaisa in tambaye ta wa ya yanke wa mijin naki cibiya, kuma da rana tsaka aka yi ko sai da aka jira uwar tafiya. Zancen inda za a binne mabiyiya da kika haɗa a ƙarshen saƙo, wannan ba maganar waya ba ce. Ki taho goyon ciki tukuna. Ki faɗa wa angon namu ya fara tara itacen wankan jego, kada ya zo mini da zancen tukunyar gas.