Ƙullin masa a rufe yake kwana, ina yis ke samun ƙarfi?

Tambaya: Malam, an koya mana cewa sai da iskar oksijin mai rai ke samun ƙarfi daga abinci. To yis ɗin da Mama ke zubawa a ƙullin masa, ta rufe ya kwana, da me yake rayuwa har ƙullin ya tashi? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: 'Yata, abin da aka koya muku daidai ne, sai dai da saura.

Kowace ƙwayar halitta, ta yis ce ko ta jikinki, da raba sukarin gulukos gida biyu take farawa. Wannan mataki ba ruwansa da oksijin, kuma yana ba da ATP guda 2, sinadarin da ke ɗauke da ƙarfin da ƙwayar halitta ke aiki da shi. In akwai oksijin, sai a ƙarasa ƙona gutsattsarin har a samu ATP kusan 30. In babu, dole a yi maneji da biyun nan.

Ga inda nake so ki tsaya da kyau, don nan ɗalibai suka fi ruɗewa. Yayin raba sukarin, wani sinadari mai suna NAD ne ke ɗauke haidirojin da aka ciro. Kamar ɗan dako yake: in ba a sauke masa kaya ba, ba zai ɗauki wani ba, kuma ba shi da yawa. Da oksijin, kayan na da wurin zuwa. Babu oksijin, sai a juye su a kan ragowar sukarin, NAD ya koma bakin aiki. Wannan mataki na ƙarshe ba ya ƙara ƙarfi ko kaɗan, amfaninsa kawai kada raba sukari ya tsaya.

A wurin yis, abin da ke fita shi ne iskar kabon dayoksaid da ɗan sinadarin etanol, wanda zafin tanda ke kore mafi yawansa. Iskar ce ke maƙalewa a ƙullin ta kumbura shi. Ki ɓara masa da zafinta, ƙananan ramukan da za ki gani gurbinta ne.

A madara kuwa, ƙwayoyin bakteriya ne ke mayar da sukarinta asid ɗin laktik, shi ke sa kindirmo ya kama ya yi tsami. Louis Pasteur na Faransa ya nuna a 1857 cewa wannan tsami aikin ƙananan halittu ne.

Jikinki ma yana yi. In kin sheƙa da gudu, tsoka na bukatar ƙarfi fiye da yadda oksijin ke iya samarwa, sai ta haɗa da wannan hanya, daga baya hanta ta mayar da laktik ɗin sukari. Jajayen ƙwayoyin jini kuwa, duk da su ke dakon oksijin, da wannan hanya kaɗai suke samun ƙarfinsu.